Malam Abdurrahim da Zumuncin Itatuwa

A shekarun da Kawo bai wuce 'yan gidajen ƙasa da 'yar kasuwa a bakin hanyar Zariya ba, akwai wani akawu da ke zaune can, ana kiransa Malam Abdurrahim. Bazazzage ne, dogo siriri, mai manyan kunnuwa waɗanda su ne ke tare hularsa kada ta rufe masa ido. Ya yi makarantar Midil a garinsu, ya samu aiki a ofishin gandun daji na Kaduna yana buga tafireta. Kullum da safe yakan naɗe ƙafar wando, ya hau kekensa, ya gangara gari, sai bayan azahar ya dawo.

Mutum ne mai sauƙin kai, ba ya faɗa, ba ya gulma. Cutarsa ɗaya ce, in har cuta ce: ba ya iya zama da mutum bai gano inda suka haɗa dangi ba. In baƙo ya shigo ofis neman takardar izinin saran itace, kafin ya fita sai ya faɗi sunan kakarsa ta wajen uwa. Ko masinjan ofishin, wani Bagwari da ba ya jin Hausa sosai, sai da Malam ya yi ta bin diddigi har ya gano cewa kakar masinjan ta taɓa yi wa gwaggonsa kitso a kasuwar Birnin Gwari. Daga ranar bai sake kiransa da sunansa ba, sai ɗan'uwa.

A daminar 1953 Baturen da ke kula da dazuzzuka ya kawo masa wani dogon rahoto ya buga. Rahoton cike yake da sunayen itatuwa da tsirrai da wani harshe mai sarƙe yatsu, an kasa su kashi-kashi. Malam ya lura an sa ɗorawa kashi ɗaya da gyaɗa, ya ɗauka kuskure ne, ya je ya nuna. Baturen ya ce ba kuskure ba ne, ai tsirrai ma dangi-dangi ne, kuma ba a tsawo ko ganye ake gane dangin ba, a fure ake ganewa da 'ya'ya. Ya ja shi bayan ofis inda mai gadi ya yi ɗan lambu, ya tsinko furen kuɓewa da na rama, ya buɗe masa su a tafin hannu. Tsari ɗaya, har 'yar sandar da ke tsakiya. Ya ce auduga ma 'yar gidan ce, haka yakuwa.

Malam Abdurrahim ya koma kujerarsa ya zauna, bai sake buga ko harafi ɗaya ba har aka tashi. Shekara da shekaru yana bin zumuncin mutane, ashe ga wani zumunci shimfiɗe a gefen hanya yana taka shi da keke.

Da ya isa gida, matarsa Turai ta kawo masa tuwo da miyar kuɓewa. Ya tsura wa miyar ido, ya dubi rigarsa, sannan ya sanar da ita cewa wannan miya da wannan riga wa da ƙane ne. Turai mace ce gajera mai saurin baki, ta daɗe da sabawa da mijinta.

"To alhamdulillahi, Malam," in ji ta. "Daga yau in miya ta ɗiga maka a riga kada ka kawo mini wanki. Ziyara ta kai wa ɗan'uwanta."

Na'urar ɗaukar hoto kuwa ba da niyya ya same ta ba. Wani Bature zai koma gida ana gwanjon kayansa, Malam ya je don yana son wata butar shayi. Ana cikin kiran kaya ƙuda ya dame shi a kunne, ya ɗaga hannu ya kore shi, mai gwanjo ya buga guduma. Kunya ta hana shi cewa da ƙuda yake. Ya dawo gida da wani baƙin akwati mai ido ɗaya a gaba da ɗan madubi a sama, irin wanda ake riƙewa a ciki a leƙa ta sama. Ya ajiye shi a kan akwatin tufafi ya yi mako yana kallonsa, har tunanin ya zo masa: kowane gidan kirki yana da hoton iyali, me zai hana tsirrai su samu nasu?

Sai ya fara neman mutane. Na farko da ya amsa shi ne Sabo tela, maƙwabcinsa, wanda ba ya ƙin kowace irin ƙungiya muddin za a ba shi muƙami. Na biyu Garba mai gyaran keke, ƙaton mutum mai saurin fushi da saurin hucewa, wanda ya shigo don ya ji an ce za a riƙa fita daji da kekuna, ya san kuwa inda ƙaya take akwai aikinsa. Daga baya wasu malaman ofis da wani malamin elementare suka biyo. Suka riƙa haɗuwa ran Lahadi da hantsi, da yake ba aiki, a gindin mangwaron ƙofar gidan Malam. Ya raɗa wa abin suna Jam'iyyar Zumuncin Itatuwa da Tsirrai.

Sunayen da ke cikin rahoton Bature ba sa faɗuwa, saboda haka Malam ya mai da kowane dangi gida. Akwai Gidan Wake, inda gyaɗa da tsamiya da ɗorawa da bagaruwa suke. Akwai Gidan Kabewa da su duma da kankana da soso. Akwai Gidan Kuɓewa, akwai Gidan Gauta, akwai Gidan Ciyawa. Kowane gida aka naɗa masa wakili, aikinsa ya nemo 'yan gidan duk inda suke, ya kawo furensu a duba, sannan a sa ranar hoto.

Rigima ta fara tun ranar rabon gidaje. Garba aka ba Gidan Ciyawa, ya miƙe ya ce shi ba jaki ba ne da za a haɗa shi da ciyawa, ya kama kekensa zai tafi. Malam ya bi shi yana lallashi, ya gaya masa cewa dawa da gero da masara da shinkafa da rake duk 'yan gidansa ne. Garba ya tsaya ya yi lissafin abin da ya ci tun safe, ya jingine keken, ya dawo ya zauna a tsakiyar tabarma. Daga ranar ba wanda ya sake jin daɗinsa. In ana gardama sai ya tuna wa mutane cewa gidansa ke ciyar da su, kuma in ya so sai ya hana kowa tuwo.

Sabo shi ya samu Gidan Gauta, ya yi murna da farko don ya ji tumatir da tattasai da barkono nasa ne. Da aka ce masa taba ma tasa ce, haka zaƙami mai haukata mutane, sai murna ta koma ciki. Ya nemi a fitar da zaƙami daga gidan. Malam ya ce ba a korar ɗan'uwa don ya lalace, kowane gida da irin nasa.

Lokacin kuwa siyasa na tashe, kalmar jam'iyya ba a faɗinta haka kawai. Labari ya kai kunnen mai unguwa cewa wani ma'aikacin gwamnati ya kafa jam'iyya a gindin mangwaro, har ya naɗa wakilai. Mai unguwa ya turo wani dattijo ya zauna can gefe kamar mai shan inuwa. Dattijon ya tarar ana tsakiyar cacar baki. Garba na cewa Gidan Ciyawa ne ya fi cancanta da shugabanci don su suka fi yawa a ƙasar nan, wakilin Gidan Wake na cewa yawa ba shi ne daraja ba, su ke da manyan da kowa ke fakewa a inuwarsu. Dattijon ya koma ya ce lallai akwai magana. Washegari aka kira Malam. Ya tafi da furen kabewa da na duma a cikin hula, ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya shiga bayani. Ya yi bayani har aka kira azahar, aka yi salla, ya ci gaba. Daga ƙarshe mai unguwa ya ce ya yarda, ya yarda da komai, a je a ci gaba, sharaɗinsa kawai a cire kalmar jam'iyya, kuma kada a sake zuwa yi masa bayani. Suna ya koma Taron Zumuncin Itatuwa.

Hoton farko na Gidan Kabewa aka yi. Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gidan Malam, aka ajiye ƙatuwar kabewa a tsakiya a matsayin uwar gida, kankana a damanta, duma a hagu, aka jera ƙananan 'ya'yan soso a gaba kamar jikoki. Turai ta ba da aron ƙwaryar furarta da ludayi, tunda su ma 'ya'yan duma ne, amma ta ce a dawo mata da su kafin la'asar, dangi ko ba dangi. Malam ya tsaya, ya riƙe akwatin a cikinsa, ya leƙa madubin, ya ga fari fat. Ya ɗauka haka abin yake, sai an wanke hoto yake fitowa. Ya yi ta latsawa yana canza wuri har fim ya ƙare.

Akwai wani Bayarabe mai shagon hoto a cikin gari, shi aka kai wa wankin. Da Malam ya je karɓa, mai hoton ya miƙo masa takardun yana ta ƙoƙarin haɗiye dariya. Kowane hoto abu ɗaya ne: fari dishi-dishi, da wani baƙin abu zagayayye a tsakiya. Malam ya kawo wa taron, aka yi ta miƙa wa juna. Wakilin Gidan Kabewa ya rantse cewa ƙwayar kankana ce, akwatin ne ya gano abin da ke cikin cikinta. Sabo ya karɓa ya duba da kyau, ya dubi ƙirjin Malam.

"Wannan maɓallin ni na ɗinka shi," in ji shi. "Malam, ka juya wa kabewa bayan akwatin, kaftaninka ka ɗauka."

Mai hoton ya koya masa inda gaba yake. Fim na biyu ya fito tas, sai dai ba tsiro ko ɗaya a ciki. Da 'yan taron suka ga abin da gaske ne, kowa ya zo ranar hoto da babbar rigar Salla, kuma kowane wakili ya ce dole ya tsaya tare da gidansa, sauran suka ce ba za a bar su a baya ba. Hoton Gidan Kuɓewa ya fito da magidanta jere sun ƙame, sun zaro ido, ga wani ɗan ganye guda yana leƙowa ta ƙarƙashin hammatar Garba. Malam ya kafa doka cewa ɗan Adam ba zai sake shiga hoto ba. Aka yi ta ja-in-ja, har aka daidaita a kan cewa wakili zai riƙe farin zane a bayan tsiron don ya fito sosai, shi kuma ya ɓuya a bayan zanen. Saboda haka duk hotunan taron daga wannan lokaci suna da tsiro a tsakiya, yatsu a sama, da ƙafafu biyu a ƙasa.

Duk da wannan shirme, suna koyon abu. Sabo ya saba da yawo da gilashin nan mai ƙara girman abu a aljihu, in mai ɗinki ya zo sai ya same shi a bayan shago yana leƙen furen tattasai. Garba ya tara irin ciyawa iri-iri ya rataye a rumfarsa, har masu dawaki suka fara tsayawa tambayar kuɗin dami. Babbar gardamar da ta kusa wargaza taron kuwa ita ce ta dankali. Kowa ya ɗauka dankali da doya da rogo da makani gida ɗaya ne, tunda duk a ƙarƙashin ƙasa suke kwana. Malam ya ce a jira fure. Aka jira har dankalin wani lambu a bakin rafi ya yi fure, aka duba, sai ga shi kamar an tsaga kara da furen duman rafi, wannan yaɗon da ko akuya ba ta kula shi. Dankalin Turawa kuma da wani ya kawo furensa daga Jos, sai ya zama ɗan gidan Sabo ne. Garba ya ce wannan raini ne, yaya abu biyu za su yi suna ɗaya a ce ba su san juna ba? Sabo ya ce ai takwara ba dangi ba ne, shi ma akwai wani Sabo mahauci a Mando, ko gaisawa ba sa yi. Garba ya yi yajin Lahadi biyu, a ta uku ya dawo da ƙullin rake ya raba wa kowa, bai sake ta da zancen ba.

Abin da aka fi tunawa da shi ya faru ne da bazara, lokacin da ɗorawa ke fure. Wakilin Gidan Wake ya ba da labarin wata tsohuwar ɗorawa a gefen Katabu, ya ce ita ce kakar gidan, ba a yi hoton iyali ba sai da ita. Aka hau kekuna aka tafi, da ƙullin wake da gyaɗa da tsamiya a bayan kowa. Suka tarar da ita ta yi rassa ko'ina, furanninta jajaye na reto kamar tuntun jar dara. Aka jera ƙananan 'yan gidan a gindinta. Zane ba zai rufe bayan ɗorawa ba, aka haƙura da shi, 'yan taron suka koma gefe.

Malam ya leƙa madubin, ya ga kututture kawai. Ya ja da baya, rassa suka fara shigowa. Ya ƙara ja, kansa a sunkuye, idonsa a madubi. A bayansa akwai wani rami da mutanen ƙauyen suka haƙa suna ɗibar ƙasar gini, ruwan farko ya taru a ciki ya zama taɓo. Sabo ya gani, amma Malam ya riga ya hana magana in yana ɗaukar hoto, don ya ce surutu na girgiza akwatin. Sabo ya ɗaga hannu yana nuni, Malam bai ɗago ba. Garba ya yi gyaran murya, Malam ya ce a yi shiru. Taku na gaba, sai suka ga ƙafafunsa a sama.

Da suka ruga suka same shi kwance rigingine a cikin taɓo, hula ta tafi, kunnuwa cike da laka, amma hannayensa biyu a miƙe sama riƙe da akwatin, ko ɗigo bai taɓa shi ba. Abin da ya fara tambaya shi ne ko wani ya ji ƙarar latsawa, don yana jin yatsansa ya danna yana cikin faɗuwa. Aka ciro shi, wasu mata da ke dawowa daga rafi suka ba da ruwa aka wanke masa fuska. Kafin a gama, awakin ƙauyen sun cinye wake da gyaɗa, sun bar tsamiya kawai. Ya dawo Kawo lulluɓe da farin zanen hoto, kamar mai shirin aikin hajji.

Hoton da yatsansa ya danna shi ne ya fi duk wanda suka taɓa ɗauka. Rassan ɗorawa daga ƙasa, furanni na reto, sama tas a bayansu. Mai shagon hoto ya roƙi a bar shi ya wanke babba ya rataye a shagonsa. Garba ya kawo shawara cewa tunda an gano sirrin, daga yanzu a riƙa ture Malam duk lokacin da za a ɗauki itace, shi kuma ya ɗauki nauyin turewar. Malam ya gode masa, ya ce zai riƙa kwanciya da kansa. Haka aka riƙa yi. Mutanen Mando da Katabu suka saba da ganin akawun gwamnati kwance rigingine a gindin tsamiya ko gawo, magidanta tsaye kewaye da shi sun yi tsit. Sau ɗaya wani matafiyi ya sauka daga jakinsa ya matso ya yi musu ta'aziyya.

A 1958 malamin elementaren nan ya samo musu aron aji ran Lahadi, suka manna hotunansu a bango gida-gida, aka gayyaci jama'a. Mutane sun zo fiye da yadda aka zata. Gaskiya yawancinsu ƙafafu suka zo gani, kowa na neman na mijinta ko na babansa a ƙarƙashin zane, ana ta gardamar wane ne mai faso. Amma akwai wata tsohuwa, Iya Kaltume, da aka auro daga Katabu tun tana yarinya. Ta tsaya gaban hoton ɗorawar ta daɗe, sannan ta ce ta san wannan itace, a gindinta suke tsintar kalwa da ƙannenta, duk sun rasu sai ita. Ta tambaya ko itacen na nan lafiya. Malam ya ce tana nan, bana ma ta yi 'ya'ya sosai. Da aka tashi ya ɓanɓare hoton daga bango ya ba ta. Ranar bai yi wa kowa bayanin fure ba.

Shekarar da ta biyo aka yi masa canjin wurin aiki zuwa Minna. 'Yan taron suka raka shi tashar jirgin ƙasa, kowane wakili da guzuri daga gidansa, har sai da mai duba tikiti ya tambaya ko kabewar ma fasinja ce, don ta cinye wurin mutum guda. Taron ya ci gaba a hannun Sabo na ɗan lokaci, amma shi da Garba ba sa iya zama tabarma ɗaya ba mai raba su, sai abin ya koma hira da cin rake.

Malam Abdurrahim ya dawo Kawo bayan ya yi ritaya, ya tarar garin ya cika da motoci da shaguna, mangwaron ƙofar gida kuwa na nan. Da tsufa ya kama shi idonsa ya yi rauni. Yakan zauna a zaure, maƙwabta su kawo masa ganye ko fure, ya shafa, ya sansana, ya faɗi gidansu. Wani lokaci ya dace, wani lokaci ya sa albasa a Gidan Ciyawa, ba mai gyara masa.

Wata rana 'yarsu Balaraba ta kawo wa uwarta tsarabar furen roba daga kanti, irin na ado. Turai ta kai masa ba ta gaya masa na roba ne ba. Ya shafa shi ya daɗe, ya kai hanci, ya ɗan ciza gefen ganyen.

"Wannan baƙo ne," in ji shi. "Ba shi da kowa a ƙasar nan. A ba shi ruwa."

Turai ta nemo kwalba ta zuba ruwa ta sa furen, ta ajiye a tagar zaure. Duk safiya sai ya tambaya ko an canza wa baƙo ruwa, ita kuma ta canza, tana mita, har shekarar da ya rasu.